Ma'aikaciyar Jirgi a Motar Runka

Tana tsaye a tashar Safana, kusa da akori-kurar da ke lodin Runka. Doguwa ce, hijabinta bai gama rufe shuɗiyar rigar aikinta ba. Akwatinta mai taya ya ƙi tafiya cikin yashi, sai ta rungume shi.

Ina sayar da rake a gefe, ɗan kamasho ya ce mini a jirgin sama take aiki. Kamfaninsu ne ya durƙushe, ya bar su kwana biyar a filin jirgin Legas, fasinjoji na tsare su da tambaya. Ina jin ta daɗe rabonta da wannan hanya, sai dai labarin 'yan bindiga a waya.

"Direba, yaya hanya?" Muryarta a shaƙe take.

"Jiya dai an wuce lafiya, Hajiya. Yau kuma sai yadda Allah ya yi."

Tana duban yamma inda dajin yake, leɓenta na motsi da addu'a. Wata tsohuwa a bayan motar tana sharar hawaye, wai a hanyar nan aka ɗauke ɗanta bara. Matar ta hau ta zauna kusa da ita, ta gyara mata mayafi da murmushi.

"Inna, ki kwantar da hankalinki, za mu isa lafiya."

Tsohuwar ta share hawayenta. Ni da ke ƙasa ina ganin ɗaya hannun matar riƙe da ƙarfen mota, ta damƙe shi gam har suka fice daga tasha.