Ranar Da 'Yan Sanda Suka Zo Ɗaukar Babana

Gaya, da asuba

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Talata ina tsaye a ƙofar kwamisariya, ofishin 'yan sanda, da ƙullin kayana. Ni Hadiza, mai sayar da shinkafa a kasuwar Gaya, ban taɓa zaton zan shiga motar 'yan sanda da ƙafata ina murna ba. Saboda babana ne. Yanar ido ta rufe masa gani, likita ya ce sai an kai shi Doso an yi masa aiki, shi kuwa ya kafe ba inda za shi. Kartinsa na ɗan ƙasa ya bi ruwa shekarar da ɗakinsa ya faɗi, daga baya aka sauke shi daga mota a wani shingen bincike saboda rashin karti, gaban jikokinsa. Tun ranar bai sake hawa kwalta ba, shekara shida ke nan.

Madam Rakiya, 'yar sandar da ke sayen shinkafa wurina, ita ke jagorantar masu zagaya ƙauyuka don wayar da kai. Sukan bayyana amfanin karti, su rubuta marasa shi, su ɗauki hotonsu nan take. Sati uku ina yi mata naci kafin ta sa ƙauyenmu a layi. Ta ce, "Amma ki sani, sha biyu na yi za mu wuce, wasu na jiranmu."

Hanyar Yelu

Shida saura kwata muka tashi. Sumaila direba ya dube ni ta madubi ya ce, "Hajiya, yau dai kin shigo hannu." Na ce ya dubi hanya, ni da shinkafata ma ban taɓa cika mudu da ƙarya ba. A shingen fita gari aka sauke mana igiya tun daga nesa. Mun yi kamar kilomita talatin da biyar a kwalta, muka tsaya muka ci masa mai zafi, sannan muka karya dama muka kama hanyar jan ƙasa, giginya hagu da dama. Takwas saura ashirin muna Yelu, takwas da kwata muna ƙauyenmu.

Ƙauyenmu

An share gindin tsamiya, an jera kujeru, amma namiji ɗaya tak muka tarar, shi ne maigari, zaune da sandarsa. Mata na leƙe ta saman danga. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Ranka shi daɗe, ina mutane?"

Bai kula ni ba, Madam ya duba. "Ni dai na tsuhwa da gudu. In ni za ku ɗauka, ga ni."

Nan take na tuna. Jiya da yamma ni na kira mai shelar ƙauye a salula don ya sanar da zuwanmu. Aka nemo matarsa, ta maimaita abin da ya yi ta faɗa lungu-lungu: gobe 'yan sanda na tahe, za su ɗauki duk wanda ba shi da karti. Na fara ɗora wa rezon waya laifi, na ce shi ya cinye kalmar hoto. Amma gaskiya bakina ne. Mu a Gaya in an ce "zo a ɗauke ka", kowa ya san hoto ake nufi. Su kuwa mazan ƙauye tun kafin a kira salla suka watse cikin fadama, har da babana makaho, ana jansa da sanda.

Madam ta yi dariya har ta dafa mota, sannan ta dubi agogo. Ni kunya kamar in nutse. Ta cire hularta, ta sa aka rataya farin ƙyalle a jikin tsamiya, ta ce, "To mu fara da iyayenmu mata. Wace ce innar Hadiza?" Inna ta fito tana salati. Da ta gane zancen sai ta ce a jira ta. Ta dawo ta rambaɗa kwalli, ta kashe ɗauri. Kafin ka ce me, layin mata ya kai bakin rijiya. Na ɗauke ta a salulata tana dariya, Madam na dafe da kafaɗarta.

Fadama

Ƙarfe goma na hau amalanken jaki, kilomita biyu zuwa gonakin rake. Na yi kira, na yi kira, shiru. Can sai na ji tari.

"Baba, na san tarinka."

Ya amsa daga cikin rake. "Ke kika kawo su?"

"Ni ce, Baba. Hoto za su ɗauka, ba mutum ba."

"Haka dai suka ce miki."

Na miƙa salular cikin ganye, na ce a nuna masa. Shi ba ya gani, sai ƙaninsa Kawu Ali ya karɓa ya ƙura mata ido. Ya ce, "Yaya, wallahi matarka ce. Ta sha kwalli, tana ta dariya da 'yar sanda."

"Kwalli? Da sahen nan?"

Rake ya motsa. Baba ya fito, ƙafa duk taɓo, ya ce in kama hannunsa. Da na waiwaya, maza na ta ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa shi dama ban ruwa ya zo yi.

Sha biyu saura ashirin da biyar muka iso. Madam ta yi bayani a taƙaice, ta amsa tambayoyi, ta kira ƙauyen gaba ta ce su ƙara mata awa ɗaya. Baba ya wanke ƙafa, ya ari hular maigari, aka ɗauke shi, aka ba shi takarda mai hatimi da zai riƙe kafin karti ya fito. Muka ci dambu da zogale a tsaye. Madam ta ce akwai wuri a mota, in Baba zai bi mu Gaya. Yana hawa, Kawu Ali ya ce ai ga shi nan, mai shela bai yi ƙarya ba. Gari ya kwashe da dariya.

Komowa

Bayan an gama da ƙauyen gaba, biyar da ashirin muka iso shingen shiga Gaya. Jandarma ya sauke igiya, ya yi mana alamar mu wuce. Baba ya ji motar ta rage gudu, ya tambaya ko shinge ne. Na ce shi ne.

"Direba, tsaya."

Ya laluba aljihu ya fiddo takardar, ya miƙa ta taga. Jandarman ya ce, "Baba, ku wuce abinku."

"A'a, ɗana. Duba dai."

Ya karɓa, ya karanta sunan da ƙarfi, ya sara masa, ya ce, "Daidai take, Malam Garba. Allah shi kiyaye hanya." Baba ya ninke ta a hankali ya mayar aljihu. Daɗi ya kama ni har na yi hawaye, ban kuma ɓoye ba.

Shida saura kwata muna gida lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Madam Rakiya da Sumaila. Baba ko ruwa bai sha ba ya tambaye ni ƙarfe nawa motar Doso ke tashi gobe.