Kyanwar da Aka Ɗaure a Bakin Rumbu

Har gobe idan na ji ƙamshin gyaɗa a cikin toka, abin da yake fara zo mini shi ne haushi. Haushin Iya, kakata ta wajen uba, wadda ta ɗauki kwana da kwanaki tana ba mu tatsuniya guda ɗaya tak, kamar an kwashe sauran daga duniya.

A Zoza muke, shekarar da aka sa ni aji ɗaya, a tsakiyar shekarun tamanin. Idan sanyi ya shigo, da an ci tuwon dare Iya takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta, kowa da ƙwaryar gyaɗarsa. Ita fa ba ta ba da tatsuniya kyauta. Muna ɓara tana zubawa, hannu ya tsaya labari ya tsaya. Kafin sanyi ya wuce mun ɓare mata buhu, mu muna ganin gata ake yi mana.

Malamin ajinmu, Malam Ɗanjuma, wani siririn saurayi ne da yake zuwa daga wajen Karaye a kan keke, sabon fitowa daga makarantar horon malamai. Ba ya riƙe bulala, wannan kaɗai ya isa ya sa mutanen gari su ɗauke shi bai san aiki ba. Yakan fitar da mu gindin ɗorawa ya zana manyan baƙaƙe a ƙasa, mu yi ta tsalle a kansu kamar 'yar gala-gala, wanda ka dira a kai sai ka faɗi sunansa. Lissafi kuwa da carabke muke yi, ya ce tsakuwa nawa kika cafe, nawa suka rage a ƙasa. Wata rana ya kawo yumɓu mu gina harufa mu shanya a rana. Kullum da laka a riga nake komawa gida, kuma kullum ni nake riga kowa tashi da safe.

Ana nan sai Baba ya biyo ta bayan makaranta zai je Beli gaisuwa, ya tarar da ni a ƙafa ɗaya ina ɗingishi a kan harafi, malam yana tafa mana. Da ya dawo ko ruwa bai sha ba ya fara.

"Ni na ɗauka karatu ake yi," in ji shi ga Innarmu. "In wasa ne ai ga tsakar gida, ga gyaɗa jibge ba mai ɓara. Saude ta ƙarasa makon nan, ta zauna."

Ni kuwa na ruga ɗakin Iya ina kuka, na ce ta yi masa magana tunda ita ta haife shi.

"Ni? In ce masa me?" Ta ci gaba da kaɗa mazarinta. "Share majinar nan, ja'ira."

Abin da ban gane ba a lokacin, Baba ɗan farinta ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, in ya durƙusa gaisuwa da safe sai ta kau da kai ta amsa da "lafiya" guda ɗaya. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan". Gida ɗaya suke kwana, amma saƙon da bai wuce kalma biyar ba sai ya bi ta bakin Inna. Na fita daga ɗakin na rantse ba zan ƙara ɓare mata gyaɗa ba.

Da yamma ta yi, ni na fara zama bakin wuta. Baba yana ƙofar turakarsa a bayan zana da rediyonsa, kamar kullum. Iya ta gyara murya, ta ce, "To, ga wata tafe, ku matso." Muka ce ta iso. Sai dai ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, kamar da mutanen wata unguwa take magana.

Wai an yi wani manomi da ɓeraye suka addabi rumbunsa, sai ya samo 'yar kyanwa. Da gari ya waye ya gan ta tana bin busasshen ganye, ta laɓe, ta yi tsalle, ta cafke, ta sake shi. Ya ce shi fa ba don wasa ya kawo ta ba. Ya samo igiya ya ɗaure ta a bakin rumbu, ya share duk wani ganye da tsinke da ke kusa, ya ce ta zauna ta kalli rami, aikinta ke nan. Kyanwa ta zauna tana kallon rami har ta girma ta yi ƙiba. Ranar da ya ga ta isa, ya kwance ta. Ɓera ya fito, ya dube ta, ta dube shi. Ya matso ya shinshina ƙafarta, ita ko ɗaga hannu ba ta iya ba. Daga ƙarshe ɓerayen suka riƙa bi ta gadon bayanta suna hawa rumbu, manomi yana tsaye da igiya a hannu yana cewa an cuce shi, an ba shi kyanwar banza.

Mun yi dariya, mun ji daɗi. Rediyon Baba bai ko rage ƙara ba.

Washegari da yamma muka zauna muna jiran ta dodo, sai ga kyanwa ta dawo. Jibi ma haka. Mun haddace ta har muna riga Iya faɗa, ita kuwa kullum sai ta ƙara murya, ta ƙara wa igiyar kauri. Ni ga baƙin cikin barin makaranta, ga kyanwa. Na ce a raina tsohuwar nan ta ƙi taimako na, kuma ta hana ni jin labari mai daɗi.

"Iya, don Allah, mun ji wannan jiya," in ji ɗaya daga cikinmu.

"Ku kuka ji," ta ce. "Ɓara."

Daren da makon zai ƙare, tana kaiwa inda ɓera yake shinshina ƙafa, sai muka ji an kashe rediyo. Baba ya zo ya tsaya a jikin zana, bai shigo hasken wuta ba. Inna ya kira.

"Ki ce wa Iya a kwance kyanwar nan haka. Mutum ko labarai ba zai ji ba a gidansa."

Iya ta dubi Inna, wadda ke zaune kusa da ita. "Ki ce wa wancan igiyar tana hannunsa."

Shi ke nan maganar da aka yi. Ranar Litinin da asuba Inna ta miƙo mini rigar makaranta a wanke, ba wanda ya yi mini bayani, ni ma ban tambaya ba don kada a fasa.

Yau ni ce malamar aji ɗaya a Rogo, kuma babu zangon da wani uba ba zai jingine babur a ƙofar aji ya tambaye ni yaushe za a fara karatun gaske ba. Na gaji da bayani, wallahi. Shekaru da yawa na ɗauka tatsuniyar Iya ta ƙare a nan, wato wasa shi ne karatun yaro, kuma tsohuwa ta riga masana ganewa. Har na taɓa faɗa mata haka wata rana da na je gida da ɗana, ta tsufa sosai tana kishingiɗe. Ta yi tsaki.

"Ni ina ruwana da malaminku? Ƙato da shi yana tsalle da yara." Sannan ta ce, "Wancan yana ɗan mitsitsi kakanku ya sa aka ƙera masa fartanya. Ranar da ya kama shi yana langa da yara, a tsakar gidan nan ya zane shi. Ina tsaye ina daka, ban ɗaga kai ba, kada a ce ba ni da kunya. Tun ranar ban ƙara ganin ya yi wasa ba."

Haushi ya sake kama ni, amma na rasa wanda zan ɗora wa. Uwa tana kallo ana dukan ɗanta ta ci gaba da daka, ta riƙe magana a ciki shekara da shekaru, sannan ta faɗe ta ta bakin kyanwa, ta bayan zana. Na tashi na fita don kada ta ga idona.

A ƙofar gida na tarar da Baba, gemu ya yi fari, ɗana ya ɗora masa motar kara a cinya yana jan hannun rigarsa wai su yi tsere. Baba ya ɗauki motar da hannu biyu, ya juya ta, ya sake juyawa. Ya waiga ko akwai mai kallo, bai gan ni ba. Sai ya sunkuya ya ce wa yaron a hankali, "To, nuna mini. Yaya ake yi?"