Ishaku Dalyop da Karyar da Ba Ta Amsa Kira

Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 1986, da hantsi, Ubangiji ya kira bawansa Baba Ishaku Dalyop na Kakuri, bayan doguwar jinya. Ya bar matarsa Mama Eunice, da 'ya'ya da jikoki. Mutuwar nan ta taɓa ni ƙwarai, Ishaku, amma ba zan ɓoye maka ba: da aka aiko mini, bayan na ce Allah ya ji ƙanka, abin da ya biyo baya a bakina godiya ce. Da ta zo da wuri kaɗan, da ka tafi da damuwar wata karya a ranka, mu kuma maƙwabtanka da mun rasa inda za mu sa fuskarmu.

Wanda bai zauna a wannan gefen kogin Kaduna ba zai yi mamakin a ce dattijo, mai furfura, dattijon ikilisiya kuma, an fi saninsa da sha'anin karnukan da suka ɓata. To, haka ne. A Kakuri karnuka suna ɓata kamar yadda baƙi suke ɓata. Mutum ya taho aikin masaƙa daga ƙauyensu da karensa, ya sauya gidan haya, ruwan sama ya wanke hanya, ko yara su fasa abin ƙara lokacin Kirsimeti, sai kare ya ruga har ya manta ta inda ya fito. Ga kuma masu keji suna zagayawa suna loda su a mota zuwa kudu, inda ake cin namansu. Karen da ya kwana biyu a titi ba mai shi, an san inda zai ƙare.

Ka yi shekarunka na aiki a ɓangaren rini na masaƙa, tare da Tibi da Angas da Ibo da Idoma da Kaje da Gwari. Sauranmu abin da muka fara koya a yaren juna zagi ne. Kai kuwa sai ka bi kowa kana tambaya yadda ake kiran kare a garinsu, yadda ake ce masa zo, yadda ake ce masa ci, yadda ake tsawata masa. Ka ce kare yaren gidansu yake ji, ba na gari ba. In aka kawo maka wanda ya ɓata, sai ka ɗaure shi a gindin mangwaron tsakar gida, ka ba shi ruwa, ka jawo 'yar kujerarka, ka soma da yarenku na Birom, ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya kana kallon kunnensa. Inda kunne ya miƙe wutsiya ta kaɗa, nan ne. Ranar Lahadi sai ka ja shi zuwa majami'ar mutanen ko wurin mitin ɗinsu na ƙabila, ka tsaya a ƙofa. Da wuya a rasa wanda zai ce ai wannan na wane ne.

Da farko an yi ta gulma cewa kiwata su kake yi don tukunya. Da ta isa kunnenka, ka ce a faɗa wa masu maganar su zo su ga haƙoranka tukuna, ko da sauran na tauna nama. Fastonmu kuwa ya daɗe yana ƙin sanar da cigiyar kare a majami'a, sai da nasa ya ɓata. Tun daga nan akan karanta sanarwar aure, a karanta ta baiko, a rufe da cigiyar jan kare mai yankakken kunne, babu mai ko murmushi.

Ban manta da wani ƙato mai gashi kamar tunkiya ba, wanda ya shanye duk yarukanka yana kallonka da raini. Da haushi ya kama ka, ka ce masa ya zauna da Turancinka na masaƙa, sai ga shi zaune, ƙirji a miƙe. Aka gano na wani Bature ne da ke aiki a matatar mai ta wajen Rido. Cyril makanike, maƙwabcinmu, ya yi shekara yana cewa karen ya fi ka Turanci, kai kuma kana cewa ai shi ya sa ya fi ka hankali.

Mama Eunice ce ta sha wahalar abin. Ita ke share wurin, tuwonta ne ke raguwa. Takan ce ta auri mutum ɗaya ta samu dangin miji masu ƙafa huɗu. Amma ban taɓa ganin kare ya kwana da yunwa a gidan ba, ko ranar da ba ka nan.

A damanar bana, ciwo ya riga ya kwantar da kai, wasu mata suka kawo wata baƙar karya da waya ɗaure a wuya, alamar daga kejin masu mota ta kuɓuto. Ka sa aka shimfiɗa maka tabarma kusa da ita. Ka gwada duk abin da ka sani, ba ta amsa ba. Masu zuwa dubiya ma ba ka bar su ba, kowa sai ya kira ta da yarensu kafin ka amsa gaisuwarsa. Shiru. Ba kurma ba ce, don in jiniyar masaƙa ta yi kuka kunnenta na motsi. Ba ta haushi, ba ta cin abinci sai ɗan abin da zai riƙe rai. Ana cikin haka aka soma jita-jitar mahaukacin kare a Sabon Tasha, sai 'yan haya na gidan suka tsorata, suka ce karyar da ba ta jin kiran kowa ba lafiya ba. Don ganin idonka suka ƙyale ta, amma kowa ya san ran da ka rufe ido za a miƙa ta ga masu keji. Kai ma ka sani. Kana ramewa tana ramewa, ka ture kwanonka kamar yadda take ture nata. Muka yi ta lallashi, muka ce ka mayar da karnuka da yawa gida, ɗaya ba za ta ɓata maka suna ba. Ka ce ba sunanka ne ya dame ka ba, akwai wanda ke jiranta.

Wata safiya Mama Eunice ta shanya dawa, kaji suka sauka, ta tafa hannu don ta kore su. Sai karyar ta zabura har igiya ta ƙare, ta zauna tana kallon hannun Mama. Ka ce ta sake tafawa. Ta sake, karya ta kaɗa wutsiya, karo na farko tun zuwanta. Ka sa aka kwance ta, ka ce Cyril ya fita ya ƙwanƙwasa ƙofa. Maimakon haushi, sai ta je ta dunguri gwiwar Mama da hanci, ta nufi ƙofa, ta waiwayo. Sai ka ce, “Eunice, mai karyar nan ba ya ji. Ita ce kunnensa.”

Daga nan cigiya ta sauya, aka bar neman yare aka koma neman kurma. Direbobin tasha suka ɗauki maganar. Ba a jima ba wata mai sayar da doya ta ce a Gonin Gora akwai wata Martha, kurma, mai gasa masara a bakin babban titi. Tun da aka sace karyarta ta daina fitowa, don ba ta jin tahowar manyan motoci, ga jariri kuma, wanda karyar ce ke sanar da ita in ya yi kuka.

Ba ka iya tafiya ba. Ni da 'yarka Dorcas muka kai karyar a bayan motar Cyril. Tun kafin mota ta tsaya karyar ta dira. Mun tarar da Martha zaune a ƙasa, karyar a cinyarta, tana shafa inda waya ta ci wuyan, tana wani irin kuka marar kalma da ban taɓa jin irinsa ba. Cyril da bakinsa ba ya mutuwa, ranar buɗe gaban mota ya yi ya ce zai duba ruwa, ya daɗe a wurin.

Da muka dawo muka soma ba ka labari, ka katse mu. “Ta ci abinci?” Dorcas ta ce ta cinye tuwon gidan har ta lashe kwano. Ka rufe ido ka yi dogon numfashi. “To, Eunice, ina kunun nan da kike damu na da shi?” Ka sha, ka yi barci, kuma kwanakin da suka rage maka ka yi su kana tsokanar masu dubiya kamar dā. Ran jana'izarka Martha ta zo da jariri a goye, ta tsaya a bakin ƙofa saboda karyar. Fasto da kansa ya sauko ya yafuto su ciki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Eunice, da Dorcas da 'yan'uwanta, da dangi na nan Kaduna da na gida, da dukan ikilisiya. Allah ya ba ku haƙuri, ya share hawayenku, ya sāka wa Mama da alheri kan hidimar da ta yi. Ubangiji mai jinƙai ya gafarta wa Ishaku kurakuransa, ya karɓe shi cikin salamarsa, mu kuma ya sa mu gama lafiya.

Ka huta, Ishaku. Babu wanda ya rage a ɗaure a gidanka. Kowa ya koma gida, har da kai.