Tulun da ke gindin famfo

Jiya na ji famfon makarantar boko yana ƙugi babu ruwa, yara na ta jijjiga shi, sai raina ya ɓaci. Na san kukan nan.

Shekara biyu bayan yunwar da ta cinye shanun babana, kafin zuwan fara, aka kafa mana famfon hannu a bakin fadama. Ina 'yar talla lokacin. Maza suka zauna su kaɗai suka ce rijiya ta gama aiki, suka rufe bakinta da siminti. Ba a tambayi mace ko ɗaya ba, alhali mu ke ɗiba.

Famfon nan yana da hali. In ya kwana, ruwan cikinsa ya zurare, hannun ya yi sakayau, sai iska yake ja. Sai an ɗura masa ruwa ta sama kafin ya kama. In ya tofo yashi, a bar shi ya huta. In fatar ciki ta cinye, a yanko wata jikin tsohon guga. Don haka kakata ta kafa doka: wadda ta yi ɗiban ƙarshe ta cika tulu ta bari a gindinsa, don a ɗura masa da safe. Ko ƙishi zai kashe ka, ba ka taɓa shi.

Bazarar nan innata ta haihu, tana wankan jego, tukunya guda safe da yamma. Ran nan muka je da safe, tulu a kife. Baffana, wan babana, ya shayar da sansa na amalanke zai tafi kasuwar Bande. Randunan gari duk ƙaf, don jiya an yi biki.

Kakata ta tare shi a hanya. Ta ce, "Kai, sa ya fi mai jego?"

Ya ce, "Iya, ruwa ne fa. Ku buga da ƙarfi."

Aka buga da ƙarfi. Samari suka yi ta bugu a bushe har fata ta yage, sanda ta karye a ciki. Makaniki sai daga Magarya, ya yi mako bai zo ba. Muka riƙa tafiya rijiyar wani gari, abin da muka ɗauko ko sha bai isa ba. Wankan inna ya yanke. Ƙafafunta suka kumbura, fuska ta bi. Ba ta ga girbin shekarar ba.

Ku ce ajali, na yarda. Amma kada wanda ya ce mini famfo ne ya lalace.

Yau akwai shato, tankin ruwa na sama mai aiki da hasken rana, ana murɗa kai ruwa ya zubo, ba mai bar wa na bayansa ko moɗa guda. Na wancan zamani saura mu uku: ni, da jaririn da inna ta bari, wanda ya yi furfura, da baffa, ya makance yana zaune a zaure. Ina gaishe shi, ina aika masa tuwo. In ya ce ruwa, sai in kira wani ya ba shi.