Ɗakin da Ya Ɓoye Mini Rana

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ranar nan ba za ta bar kaina ba.

Ni ban yi boko ba, ban taɓa ɗaura agogo ba. Amma a unguwarmu Karantina ta Jidda, kafin a rushe ta, ni mata ke tambaya lokaci. In dubi inuwar bango in ce la'asar ta yi, kafin in rufe baki ladan ya kira. Tun ina budurwa salla ba ta taɓa kuɓuce mini ba, kuma ina faɗa da alfahari.

Balarabiyar da na yi wa aiki a unguwar Abhur ta tafi da ni yawo a wani ƙaton jirgin ruwa da ya tashi daga Jidda. Da muka yi nisa a teku, bayan azahar, mijinta ya ɓace. Ta ce, "Ya Hajja, yana ɗakin caca. Yalla, maza je ki kira shi, ke yake jin kunya."

Na shiga ina a'uziyya. Ba taga, ba agogo. Fitilu iri ɗaya, ba safe ba yamma. Hanya ba ta miƙe ba, duk inda ka karkata na'ura ce ke haske. Na waiga, ƙofar ma ta ɓuya.

Na same shi. "Baba, taso."

"Minti biyar, Hajja. Zauna, ki hutar da ƙafarki."

Kujerar taushi gare ta. Aka miƙo mini lemo mai sanyi, kyauta. Ya danna na'urar, hotuna biyu suka dace, na uku ya goce da ƙiris. Can gefe ƙararrawa ta kaɗa, wani ya ci. Mai ci ake kaɗa wa, mai asara shiru.

Wallahi da kunnena na ji bakina yana cewa, "Saura kaɗan, ƙara ɗaya."

Da muka fito, rana ta faɗa cikin teku. La'asar ta tafi. Na rama ina kuka, ban faɗa wa kowa ba sai yau.

Da, ina zagin 'yan caca, in ce raunin zuciya ne. Ni ko sisi ban sa ba, aka cinye mini salla. Waɗanda suka gina ɗakin nan sun san zuciyar mutum, rana suka fara ɓoyewa. Tun daga ranar na daina cika baki, kuma duk inda na shiga, taga nake fara nema. In babu, ba na zama.