Ranar da Na Juya wa Madam Shafi

Har yau in na ji ƙarar piyano a talabijin sai tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Abin ya samo asali ne a Alƙahira, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ina amarya.

A unguwar Ma'adi muke zaune, can bayan layin jirgin metro inda haya take da sauƙi. Maigidana direba ne a ofishin jakadancinmu, in ya fita da sassafe sai magariba. Ni kuwa daga girki sai littattafan soyayya da ƙanwata ke aiko mini daga Kano ta hannun duk mai tahowa. Wasu na karanta su har bangonsu ya fita.

A saman ɗakinmu akwai wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai, uwarta 'yar Italiya, ubanta Bamisire. Madam kowa ke ce mata. Yara take koya wa piyano, in sun watse da la'asar sai ta kaɗa nata. Wani kiɗa ne mai farawa kamar tsawa, ya lafa ya koma kamar mace tana lallashi, can kuma ya ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano. Rannan ta buɗe ƙofa ta same ni zaune a matakala da albasa a hannu.

"Ya binti, matakala ba kujera ba ce. Shigo."

Da ɗan Larabcina na kasuwa na fahimci bayaninta. A ƙasar uwarta akwai wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa daga farko har ƙarshe, sunansa opera. A zamanin da babu rediyo babu kaset, makaɗan piyano sukan ɗauki waƙoƙin da mutane suka fi so a ciki su mayar da su na piyano kaɗai, yatsu goma su yi aikin mawaƙiya da duk makaɗanta, su kuma ƙara ado don a san gwanintarsu. Wanda take kaɗawa shafi goma sha ɗaya ne, takardun sun yi ja don tsufa. Na tambaye ta labarin da ke ciki, ta ce, "Shirme ne, kowa mutuwa yake yi." Sai na ƙirƙiro nawa a zuci: wata budurwa ce ke zuwa tashar jirgi kullum tana jiran masoyinta.

Duk ƙarshen shekara ɗalibanta sukan yi wasa a zauren wata makaranta, ita ta rufe taro. A wannan shekarar ɗanta, wani likita a Iskandariyya, ya ce zai zo. Ya daɗe yana cewa uwarsa ta fara mantuwa, a sayar da piyano ta koma gidansa. Kuma ta fara ɗin. Sau biyu na tarar da mabuɗinta a jikin ƙofa.

"Ba saurare zai zo ba, duba ni zai zo yi," in ji ta. "In na tsaya a tsakiya, khalas, shi ke nan."

A da da ka take kaɗawa, yanzu sai da takarda a gabanta. Hannayenta biyu suna aiki, dole wani ya zauna ta hagunta yana juya mata shafi. Ta ce ni take so.

"Ni? Madam, ɗigon rubutun kiɗan nan a wurina tururuwa ce a kan layi."

"Ba karatu na ce ki yi ba. In na gyaɗa kai ki juya. Ɗalibaina iyayensu surutu gare su. Ke ba za ki faɗa wa kowa inda nake kakarewa ba."

Da na gaya wa maigidana sai da ya ajiye cokali don dariya. "Ke da ko ganga ba ki taɓa riƙewa ba? To Allah ya ba da sa'a, Malama. Kada dai ki juya mata ta dama kamar littafin Larabci." Daga baya da ya ga na daina cin abinci sosai, ya bar zolayar.

Sati uku muna gwaji. Sau biyar ake juyawa. Don tsoro sai na sa fensir na yi ƙananan rubuce-rubuce da Hausa a saman takardun, daidai da labarina: ta iso tasha, jirgi ya zo ba shi, wasiƙa, ruwan sama, ya dawo. Madam ta tambayi ma'anarsu, ta yi dariya har da tari. Wurin "ya dawo" shi ne matsalar. Bayan ruwan saman akwai ɗan shiru, a juya shafi, sannan waƙar farko ta dawo a hankali. Kusan kullum a nan take ɓata, sai ta zagi kanta da Italiyanci ta sake.

Ranar taron da la'asar aka fara. Yaran suka yi nasu, ban ji ko ɗaya ba, ina ta shafa hannuwana a jikin mayafi. Likitan yana layin gaba, dogo, ya harɗe hannu a ƙirji. Muka hau dandamali. Na zauna, na dubi Madam. Dama kanta yana ɗan rawa irin na tsofaffi, amma ranar tsoro ya ƙara shi. Kan nan sama da ƙasa yake yi ba tsayawa. Duk gyaɗawa ce. Babu yadda zan gane wadda take tawa.

Kafin in buɗe baki ta fara.

Na miƙe zan juya tun layi na biyu, Allah ya taimake ni na ji tsawar ba ta ƙare ba, na koma na zauna. Budurwar ba ta iso tasha ba tukuna. A nan na ɗauke idona daga kan Madam gaba ɗaya na bi labarin da kunne. Tsawa ta lafa, na juya. Hannun hagu ya yi gurnani kamar jirgi, ya wuce, na juya. Yatsana ya bar tabon gumi a takardar. Wajen wasiƙa takardu biyu suka nemi manne wa juna, na raba su da farce ina salati a zuci. Ruwan sama ya zo, yatsunta suna gudu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ban san lokacin da na juya ba.

Sai shirun. Na juya na biyar. Ga rubutuna nan, "ya dawo".

Madam ba ta fara ba. Hannayenta suna sama, idonta a kan takarda, amma na san ba ta ganin komai. Wani ya yi tari a baya. Na ji ƙarar fankar sama. Na hango a zuci ana sauke piyanonta daga bene da igiya, ɗakin sama ya yi shiru. Ban yi shawara da kowa ba, na sunkuya kamar mai gyara takarda, na rera mata farkon waƙar ta hanci. Sau ɗaya. Yatsanta ya sauka a daidai wurin, sauran suka biyo.

Aka yi tafi. Ni dai ruwa nake nema. A bakin ƙofa likitan ya tare ni.

"Na ji ki, ya madam. Ina kusa."

A littattafaina, nan ne zai zubar da hawaye ya rungume uwarsa. Bai yi ba. Cewa ya yi, "Sau nawa take yin haka?"

Na hango Madam can iyayen yara sun kewaye ta. Na yi alkawari ba zan faɗa ba, ƙarya kuma ba zan iya yi wa mutum ido da ido ba. Na ce, "A wurin nan ne kaɗai, Dakta. Sauran shafi goman ai ka ji da kunnenka."

Ya ciro alƙalami daga aljihu. Sannan ya rubuta lambar wayarsa a bayan takardar taron, ya ce in riƙa hawa kullum ina duba ta, in na ga wani abu in kira.

Piyanon ya ƙara shekara ɗaya da wata huɗu a saman kanmu. Ni ce na kira lambar, ranar da Madam ta bar gas a buɗe ta fita titi neman uwarta da ta daɗe da rasuwa. Da za ta tafi gidan ɗanta ta ba ni takardun. Suna cikin akwatina tare da littattafan ƙanwata, tabon yatsana yana nan a shafi na uku, kuma har yau ban iya karanta ɗigo ko ɗaya ba.