Tseren i7 da i5 a kasuwa

Jama'a, yau an zubar da jini saboda laftof ɗina!

Ina shiga shagon Emeka mai kwamfuta, na ga laftof biyu a buɗe kan tebur, Kawu Bulus yana huci. Tsohuwar laftof samfurin i7 ya saya mini a shagon da tsada don jarrabawa, amma sai jan ƙafa take. Aka kunna ta tare da wata samfurin i5 mai araha don a gwada saurinsu. Kafin tawa ta farka, i5 ta buɗe!

Kawu ya shaƙe Emeka. "Ɓarawo! Ka ce bakwai ta fi biyar!"

"Oga, sake ni! Kai ka zaɓa!"

Emeka ya maka masa caja a goshi. Jini! Tebur ya kife, gilashin laftof ɗina ya tarwatse.

Rifkatu 'yar ajinmu, don Allah ki ara mini laftof ɗinki, jarrabawa jibi ce.